Kawu da Wuyan Keken Malamin Dabbobi

Mutanen layin suna ce wa kawuna Ba-Kwana, saboda a shekaru arba'in da ya yi yana gyara, keke bai taɓa kwana a shagonsa ba. In ka kawo da safe, kafin rana ta faɗi ka hau abinka. Shagon ɗaki ɗaya ne tsakanin na tela da na mai wanki. Tsofaffin tayoyi a rataye a bango, gwangwanayen madara cike da notuna a kan katako, sai bokitin ruwan neman huji a bakin ƙofa.

Da na dawo daga karatu, bayan shekara tara ba na gida, na tarar hannunsa na dama ya fara rawa. In ya kama babbar sufana ba a ganewa, sai ya zo ɗaukar ƙaramin abu. 'Yarsa ta fari, taubashiyata, ta gyara masa ɗaki a gidanta tana so ya huta, shi kuma ya ƙi. Da suka gaji da ja-in-ja, suka yi yarjejeniya a gaban tela: ranar da keke ya gagare shi har ya kwana, zai miƙa mata makullin shago. Tun daga nan take biyowa kullum in ta taso daga aiki, wai gaisuwa ta kawo ta, amma idonta na kan kekunan.

Ni kuwa na mai da benci na ƙofar shagon wurin zamana, don ina son kallon yadda yake aiki. Ba ya tambayar mai keke abin da ke damunsa. Sai ya matse birkin gaba, ya ɗora ɗan yatsa a wuyan keken, inda fok, ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, ke haɗuwa da gangar jiki, ya tura gaba ya ja baya. Abin da yatsan ya ji, shi ne magana.

Wata Laraba da hantsi wani malamin dabbobi ya turo kekensa. Keken hawan dutse ne mai kaurin taya, da shi yake kai allura wurin makiyaya a bayan tsauni. Ya ce in ya taka birki a gangara sai ya ji ƙas-ƙas a gaba, ƙahon keken yana rawa a hannunsa, kuma gobe da sassafe yana da garke uku da ke jira.

Kawu ya sa yatsa, ya ce wuya ne ya saki, aikin minti biyar. A kekunan da ya saba da su akwai babban noti a wuyan, ka kama da sufana ka ɗaure, shi ke nan. Ya duba wannan, babu. Abin da ya gani kawai wani ɗan murfi ne a can sama da ƙaramin noti a tsakiyarsa, sai wasu biyu a gefe da suka riƙe ƙahon. Ya ɗauko ɗan makulli mai kusurwa shida ya murɗa na saman. Ya gwada, ƙas-ƙas na nan. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa da hannu biyu. Sai muka ji ƙas na gaske, murfin ya tsage biyu.

Tela ya tsayar da ɗinkinsa ya leƙo, ya tambaya ko a aika wa 'yar ta zo da wuri. Kawu bai kula shi ba. Ya juyo gare ni.

"Kai da ka zauna a inda ake yin irinsu, yaya suke ɗaure shi a can?"

Na faɗa masa gaskiya, na hau irinsa shekara uku, amma duk lokacin da ya lalace shago nake kai shi in tafi shan shayi. Ya ce to Allah ya sa wa karatun albarka.

Bai yi gaggawa ba. Ya shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa, ya fara kwance wuyan, yana jera kowane abu yadda ya fito, daga hagu zuwa dama. Ya sassauta notunan gefe, ƙahon ya zame. Ya cire zobba, ya zare fok. Boris na ƙasa ya bushe ƙamas, duk tsatsa. Ya jefa shi cikin kananzir ya wanke, ya cika shi da giris. Sannan ya ɗauki fok ɗin ya yi ta shafa bututunsa da yatsa. Sumul yake, babu tiredin da noti zai bi. Ya zauna da shi a cinya har inuwar shagon ta koma ɗaya gefen.

Can ya yi 'yar dariya. Ya ce wa malamin dabbobi laifin nasa ne shi mai gyara, ba na keken ba. Notin saman nan ba ɗauri yake yi ba, jawo kayan wuyan yake su haɗu. Na gefen su ne masu riƙewa. Shi kuma ya bar su a ɗaure tamau yana ta jan na sama, to ina zai motsa? Dole murfi ya ba da kai.

Murfin ne ya ci sauran yinin. Babu irinsa a gwangwanayensa, mai sayar da kayan keke na bakin titi ma ya ce bai taɓa ajiyewa ba. Kawu ya zazzage gwangwani huɗu har ya sami wani washa mai kauri, ya kama shi a bais, ƙarfen matse abu, ya yi ta goge gefensa har ya zauna daidai bakin wuyan.

Yana cikin haɗawa 'yar ta iso da jakarta a kafaɗa. Ta gaishe shi, ta ce da ni baƙo har yanzu ba a sami aikin yi ba sai gadin benci. Na ce ai ita ma sintiri take yi ba albashi. Tela bai bari ta zauna ba sai da ya ba ta labarin murfin tun daga farko, har da ƙari. Ta dubi guntayen murfin a kan buhu.

Saura ɗaurin ƙarshe, wanda ba ya son ƙarfi. In ya yi yawa ƙaho ya ƙi juyawa, in ya yi kaɗan ƙas-ƙas ya dawo. Kawu ya kai ɗan makullin kan notin, hannun ya hau rawa. Sau uku yana zamewa. Duk muna gani, ita ma tana gani.

Ya miƙa wa malamin dabbobi ɗan makullin.

"Ɗana, kai da ke yi wa saniya allura, hannunka ya fi nawa tsayuwa. Murɗa a hankali, sai na ce ka tsaya."

Ya matse birki, ya ɗora yatsa a wuyan, yana tura keken gaba da baya. Ya ce ƙara. Ya ce ƙara kaɗan. Ya ce koma baya ƙiris. Sannan ya ɗaga gaban keken, ƙahon ya faɗa gefe da kansa ba tare da sarƙewa ba. Ya daidaita shi da taya, ya sa aka ɗaure na gefen ɗaya bayan ɗaya. Malamin ya hau, ya je ƙarshen layi, ya taka birki da ƙarfi, ya dawo yana cewa ko sabo bai kai haka ba.

Tela ya ce shi dai a matsayinsa na shaida, bai san wanda za a ce ya yi gyaran ba, tunda wani ne ya murɗa. Kawu bai musa ba. Ya goge hannu da tsumma, ya ce wa 'yarsa ta ga abin da ya faru da idonta, ita za ta yanke.

Ta daɗe tana kallon hannun nasa.

"Baba, gobe ƙarfe nawa za ka buɗe?"

Ya ce bakwai, kamar kullum.

"To zan aiko da kujera mai jingina. Ƙananan notuna kuma ka riƙa ba wannan baƙon, tunda zaune yake."