Tarkacen Yayana

Yayana mai ɗaukar bidiyon biki ne a Toranke, kuma ban taɓa ganin ya zubar da komai ba. Takalmin da ya tsinke ma yana da mazauninsa a ƙarƙashin gadonsa. Haka ya yi da kwamfutarsa, har ma'ajiyarta ta cika maƙil. In ka kunna ta, sai ka dama fura ka shanye kafin ta farka.

Na raka shi Gaya wajen mai gyara, ya sayi ma'ajiyar da ta ninka tsohuwar huɗu. Mai gyaran ya ce abu mafi sauƙi a ɗora sabuwar manhaja a kanta, Yaya ya tsinci bidiyon da yake so, a watsar da sauran. Na goyi bayansa da sauri, don na san sauran: bidiyon ƙafafu da turɓaya, duk inda Yaya ya manta bai kashe kyamara ba.

"Yaya, wa zai kalli ƙafar mutanen ƙauyen Balan?" na ce.

Bai yi dariya ba. Ya ce Inna, mahaifiyarmu da ta rasu bara, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba, da ta hango kyamara sai ta ja mayafi ta shige ɗaki. In muryarta ta saura a duniya, to tana cikin tarkacen nan, shi dai bai san a wanne ba.

Kunya ta rufe ni.

Aka kwafe komai yadda yake, manhajar da tarkacen da hoton akuyar da ke fuskar allon. Tun hantsi muke kan benci har la'asar. Yaya bai yarda ya je cin abinci ba, wai kada layin kwafewar da ke tafiya a allo ya tsaya a bayan idonsa. Da kwamfutar ta tashi garau, ya naɗe tsohuwar ma'ajiyar a hankici ya zura a aljihu. Wannan karon ban tsokane shi ba.

Sai da damina ta faɗi ya kira ni ɗakinsa. A allo babu komai sai ƙasan tsakar gidanmu da gefen turmi. Can sai ga muryar Inna, da faɗanta: "Wai wa ya bar mini akurki a buɗe?"

Ni ce. Ranar ƙarya na yi mata, na ce iska ce. Na zauna a bakin gadon Yaya, na ce ya sake kunnawa.