Hannun Inna A'i

Duk wanda aka haifa a unguwarmu ta Basirka tun shekarar samun 'yancin kai, Inna A'i ce ta yanke masa cibiya, har da ni. Gajeruwa ce, ga faɗa, ba ka ganin haƙorinta sai jariri ya tsula mata fitsari a zani.

Hannunta kuwa abin tausayi ne. Ita ke yi wa masu jego wanka safe da yamma, tana tsoma ganye cikin tafasasshen ruwa tana fyaɗa musu. In sanyi ya shigo, hannun da ya fito daga ruwan zafi ya sha iska sai ya dare. Yatsu duk sun tsattsage, wani lokaci har da jini. Man shanun da ake ba ta, a jikin jariran mutane yake ƙarewa.

Shekarar da kuɗin fetur ya fara yawo, 'yarta Kubra, da ke auren wani akawu a Birnin Kudu, ta zo gida haihuwar fari. Ta ajiye kwalbar basilin gaban uwarta, kai a sunkuye.

"Inna, wai ya ce hannunki zai karce jaririn. Wai a nemo wata."

Mun zaci za a ji faɗa har kasuwa. Sai Inna A'i ta ɗauki kwalbar. Tun daga ranar ta dinga jiƙa hannu a ruwan ɗumi, ta shafa man kaɗanya haɗe da basilin, ta naɗe da tsumma. Gida biyu aka kira ta wanka ta ƙi zuwa, abin da ba ta taɓa yi ba. Cikin mako uku tsagar ta haɗe, har tana juya hannun tana nuna wa maƙwabta kamar amarya da lalle.

Sai naƙuda ta kama Mero, matar wani makiyayi a bayan gari, ba uwa ba dangi kusa. Inna A'i ta kwance tsumma ta tafi, tana tafe tana mita. Kwana tara tana wankan Mero cikin sanyin nan, hannu ya koma yadda yake, har ya fi.

Ranar da Kubra ta haihu, Inna A'i da kanta ta aika a kira wata ungozoma. Ta zauna a bakin ƙofa, ta cusa hannuwa cikin zani. Wallahi ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba.

Jariri ya yi kuka. Aka kawo ruwan wanka. Sai muryar Kubra daga ɗaki:

"Inna, shigo ki karɓe shi."

"Hannun ya lalace, 'yar nan."

"To ni da wane hannu aka wanke ni?"

Inna A'i ta miƙe, ta share ido da bakin zani, ta daka wa ungozomar tsawa ta matsa mata daga wurin ƙwaryar wankan.