Otal Ɗin Ɗan Gida

Otal biyu ne kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan da malamin firamare irina zai iya kwana a wancan zamani. Ɗaya na wani baƙo ne daga kudu, wanda bai san uban kowa ba, bai kuma damu ya sani ba. Ɗayan na mutumin wajenmu ne, ɗan wani ƙauye bayan Nok, mai jin yarenmu, mai zuwa coci da Littafi a hammata. Mu kuwa an raine mu a kan cewa in ka je gari ka sauka wurin naka, kada a ji ka tsallake ɗan gida ka kai kanka wurin bare. Na bi tarbiyyar, ita ce kuma ta kashe mini aure.

Ina da farfaɗiya tun ina yaro. Ba kullum ba, sau biyu ko uku a shekara. A wajenmu ba a ɗauke ta ciwon mutum ɗaya ba, tabon gida ce. Gidan da aka ji tana ciki ba a ba shi 'ya, ba a kuma neman tasa. Uwata ta yi ta rufa mini asiri har na gama kwalejin horon malamai.

Sai na samu wadda nake so, 'yar wani manomin citta, mun yi firamare tare, tana cikin mawaƙan coci. An kai akuya, an kai gishiri, iyaye sun sa albarka. Saura sanarwa, wadda fasto ke karantawa Lahadi uku a jere don mai wani dalili na hanawa ya fito ya faɗa. An karanta ta farko ba wanda ya yi tari. Sai na ce bari in lallaɓa asibitin Kafanchan in karɓo ƙwayoyi, kada in faɗi a gaban amarya makon farko. Layin asibiti tun da sassafe ake kama shi, dole in kwana a gari.

Da safe, ina tsakar gidan otal da bokiti a hannu, abin ya kayar da ni. Na farfaɗo na ga kaina a cinyar mai otal, yana goge mini baki da tsumma. Ba zan ci haƙƙinsa ba, bai gudu ba, alhali da yawa gudu suke yi. Na riƙe hannunsa na roƙe shi.

Ya ce, "Tica, kwantar da hankali. Abin da ya faru a gidan nan, a gidan nan ya mutu."

Kwana huɗu ya yi a mace. Kawun yarinyar ya kawo citta gari, ya biya otal ɗin shan ruwa kamar yadda duk mutanenmu ke yi. Shi ne kuma aka ɗora wa binciken ango, don a al'adarmu aikin kawu ne. Ya tambaya ko surukinsu yana sauka nan. Mai otal ya juyo masa da littafin baƙi, ya nuna masa sunana, ya sa yatsa a inda na rubuta "asibiti" da hannuna, sannan ya ba shi sauran da baki, har da kumfa.

Lahadi ta biyu fasto ya karanta sanarwar taron zumuntar mata da ta gyaran rufin coci, ya rufe takarda bai karanta tamu ba. Na koma Kafanchan ranar Litinin.

Na sami mai otal yana shara. Ko kunya bai ji ba.

"Tica, dattijo ne ya tambaye ni. Ni Kirista ne, zan yi masa ƙarya? Kuma yarinyan nan, shi ma namu ne. In gobe abu ya faru, za a ce na sani na yi shiru."

Na ce, "Ni ba naku ba ne?"

Ya ci gaba da shararsa.

Ina da abokin karatu, akawu a kotu. Na tafi wurinsa da tunanin yara, wai in alƙali ya ce an zalunce ni, iyayenta za su sake shawara. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tambaya, "Ƙarya ya yi maka?"

Na ce a'a.

"To ba ɓata suna ba ne. Da akwatinka ka ba shi ajiya ya ɓace, yau ɗin nan zan rubuta masa sammaci. Amma magana, ban san dokar da zan kama shi da ita ba. Kuma ka tuna, in ka shigar da ƙara, a gaban jama'a za a karanta. Wanda bai ji ba zai ji."

Ashe akwatin kwano ya fi ni gata. Na fito na tsaya a bakin titi ina jin haushin mai otal, da kotu, da ni kaina da na tsallake ƙofar baƙon da ba ruwansa da kowa. Har yau haushin bai huce ba, kuma ban yi ƙoƙarin hucar da shi ba.

An dawo da akuya ranar Alhamis. Ranar Asabar da yamma ita kanta ta zo makaranta, ta same ni ina duba littattafan yara a aji. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Na fara haɗa bayanin da na yi kwanaki ina shiryawa, cewa na yi niyyar faɗa mata, cewa likita ya ce ba a ɗauka, cewa da ƙwaya sai a shekara lafiya.

Ta ce, "Malam, bari. Na sani tun muna aji shida. Na gan ka bayan ɗakin ajiya ranar da ka faɗi. Mama ma ta sani, ni na gaya mata kafin a kawo gishiri."

 Na tambaya, "Baba fa?"

"Baba ba yaro ba ne. Bai tambaya ba don kada a amsa masa. Da ba a faɗa a fili ba, da ya ba ka ni. Yanzu an faɗa a gaban kawu, kuma ina da ƙanne mata uku da za a zo nema."

Ta goge ido da bakin ɗankwali, ta ce in riƙa shan maganin a kan lokaci. Na bi ta da kallo har ta wuce filin ƙwallo, ba ta waiwayo ba.