Gawar da Ta Zage Mu

A zamanin jihar Gongola aka kai ni Mubi, na yi mako biyu ina koyon wanke ciwo da yanke cibiya, aka sallamo ni da ɗan akwatin magani. Aikin sa-kai ne. Amma a ƙauyenmu, can bayan Betso, tun daga ranar na zama likita, ni kuwa ban musa ba.

Wata ranar kasuwa aka kira ni da hantsi. Matar maƙwabcinmu ta kwana biyu tana naƙuda, abu ya ƙi. Na leƙa akwatina, daga aidin sai bandeji. Na ce sai asibiti a Mubi. Mota ɗaya ce ke bi ta bakin titi, in ta wuce sai wani makon. Muka kwantar da ita a gadon kara, maza huɗu suka saɓa. Rana na dukan fuskarta, ni kuma da iyayina na lulluɓe ta da farin zane har ka.

A wajenmu gawa kaɗai ake ɗauka haka. Ba mu ƙetare mayo, wato rafin garinmu, ba sai ga mata sun yar da fartanya, hannu a ka, suna kururuwa. Maza suka yi abin da ake yi wa mamaci: kowa ya sa kafaɗa, ya ɗan taka, ya ba na baya. Mutanenmu da suka fara haki suka samu hutu, tafiya ta yi sauri.

Mijin ya buɗe baki zai yi bayani, na take masa ƙafa.

"Yi shiru, baban yara, kafaɗa muke nema."

Amma can sai matar ta daina nishi. Na ji tsoron kukan ƙaryar da na bari ake yi ya zama na gaske. Ban san sa'ad da na fara nawa ba.

Muna hango motar, wani tsoho ya yi tuntuɓe, gado ya girgiza. Sai murya daga ƙarƙashin zane:

"Wane ɗan banza ne wannan? Ku bi a hankali mana!"

Saura kaɗan su yar da ita. Wasu sai da suka ƙetare gona biyu kafin su waiwayo. Ni dai ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba.

Ta haifi 'ya mace a Mubi kafin la'asar. Har muka tsufa, in mun haɗu a rijiya sai ta ce ita ta ji kukan mutuwarta da kunnenta, ta kuma san waɗanda ba su yi ba. Nawa, in ji ta, ya fi na kowa ƙarfi.