Tsohon Sojan Adjamé

Shekarar da aka fara kwasar samari zuwa yaƙin Jamus na biyu, ina lakwal, wato makarantar boko, a unguwar Treichville can bakin teku. Mahaifina mutumin Tawa ne, goro yake sarowa yana aikawa arewa. Malaminmu, wanda muke kira Mushe, kamar yadda ake kiran malami da harshen Turawan, dogo ne daga Dahome. Ba ya dariya, amma ban taɓa ganin ya ɗaga wa yaro bulala ba.

Ranar Alhamis ba a karatu, amma wani mako sai ya ce mu hallara, da ƙafa za mu yi darasin tarihi. Muka haye wata gada mai iyo bisa ruwa, tana lilo da mu, muka hau tudun unguwar Turawa. Ya tsayar da mu gaban wani farin dutse da aka kafa don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin farko. Muka cire huluna. Yana cikin yi mana bayanin ramukan da sojoji ke kwana a ciki, sai ga wani gardi mai tsaron wurin da kulki, ya ce ƙafafunmu suna ɓata dakali. Mushe bai yi musu ba. Ya dube mu ya ce, "Ku zo, da saura."

Cikin rana muka taka har Adjamé. Bayan kasuwa, a wani ɗakin kwano, wani tsoho, sojan yaƙin farko, yana kishingiɗe bisa tabarma. Ƙafarsa ta hagu daga gwiwa ta ƙare. Da Mushe ya ce masa akwai 'ya'yan Hausawa cikinmu, sai ya yunƙura ya zauna, ya tambayi garin iyayen kowa. Shi Badamagare ne.

Mushe ya ce, "Baba, gaya musu abin da ka gani."

Tsohon ya yi tari mai tsawo, ya tofa a gwangwani. Ya ce hayaƙin da Jamus suka busa musu ne har yau bai fita daga ƙirjinsa ba. Ya ce sanyi ya cinye wa wasu yatsu tun ba su ga abokan gaba ba. Akwai ɗan garinsu da suka shiga jirgin ruwa tare, ya mutu jingine da kafaɗarsa cikin taɓo.

"Ba wanka, ba likkafani. Ko gabas ban sani ba, balle in juya shi. Da hannu na tura masa ƙasa."

Abokina da muke zama benci ɗaya, wanda aka tafi da yayansa yaƙi kafin azumi, ya matsa gaba ya durƙusa.

"Baba, yayana yana can. Zai dawo?"

Tsohon ya dubi yaron.

"Ɗana, ba zan yi maka ƙarya ba. Mun tafi da yawa, kaɗan muka dawo. Ka riƙe uwarka da kyau."

Muka kama hanyar komawa. Abokina bai yi kuka ba sai da muka hau gada, nan ya kama ƙarfen gadar ya ƙi tafiya, har sai da Mushe ya saɓa shi a kafaɗa.

Labarin fitarmu ya kai kunnen manya. Ba a jima ba aka mayar da Mushe wani ƙauye cikin daji, wai yana karya wa yara zuciya lokacin yaƙi. Ko sallama ba mu yi ba.

Da damina tsohon ya rasu, mahaifina yana cikin waɗanda suka kai shi. Yayan abokina kuwa ba a taɓa sanar da mutuwarsa ba, bai kuma dawo ba. Bayan an gama yaƙi, duk sanda aka ce an sauke sojoji, uwarsu takan yafa mayafi ta tafi tasha. Abokina ya bar lakwal ya kama dako, shi ke raka ta, shi ke dawo da ita.