Tarwaɗar da Aka Rufe wa Hanya

Kakata, Iya Hajo, tana da tatsuniyoyi sun fi gashin kaina yawa, a lokacin da nake da gashin. Da damina, bayan sallar isha'i, mukan zagaye murhunta tana gasa mana masara, ta yi gyaran murya ta ce, "To, ga ta nan ta iso, mai surutu ya fita." Ni take nufi.

Akwai guda ɗaya da na tsana. Wai Tarwaɗa ce ta gangara ƙasan kogi neman abinci, ta ce wa uwarta gobe za ta dawo. Ta ci, ta yi ƙiba, goben ta zama shekara. Da ta juyo sai ta tarar mutane sun gina katanga a tsakiyar ruwan. Ta kai mata karo, ta koma. Baɗi ta sake.

"Sai me, Iya?"

"Sai ta sake."

"To, ta tsallake mana!"

"Kai da bakinka kamar na kwaɗo, ka taɓa ganin kifi da tsani? Tashi ka kwanta."

A nan take tsayawa kullum. Sai da na girma na ji cewa garin su Iya yana ƙarƙashin ruwan wata madatsa.

Ni ma, ranar da na bar gida, gobe na ce zan dawo. Yanzu ina Laurel, wani gari a ƙasar Turawa, ina ɗaga kwalaye a sito har bayana ya fi ƙofar gidanmu ƙara. Takardu suka riƙe ni shekara da shekaru, kuma kafin su fito an binne Iya. Tun daga nan kullum cewa nake baɗi.

Kwanan baya 'yata Hafsa, mai karatun kimiyyar ruwa, ta ja ni bakin wani kogi da aka rushe madatsarsa domin kifi ya samu hawa ya yi ƙwai. Na yi dariya har da tari. Na ce, "Ikon Allah! Ƙasar nan har kifi ana ba biza."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce da Turancinta, "Baba, waɗanda aka tare sun daɗe da mutuwa. Waɗannan jikokinsu ne, ƙamshin ruwa suke bi."

Na tsaya ina kallonsu suna kutsawa sama. Ashe Iya ba rowar ƙarshen tatsuniyar take mana ba, ba a zamaninta zai zo ba.

Hafsa ta taɓa kafaɗata, ta lallaɓo Hausarta: "Baba, garinmu, yaya ƙamshinsa?"

Ni da ko liman ba ya iya sa ni shiru, na buɗe baki, na laluba, na laluba, ƙamshin ya ɓace mini. Na ce mata ta duba mana kuɗin jirgi, kujera biyu.