Shekarar da Dawa Ta Tsaya a Filin Kokawarmu

Shekarun baya, lokacin ina ji da ƙarfina, filin kokawar garinmu Ƙarfi gonar gidanmu ce. Da damina mu noma, da kaka gari ya karɓa. Sunan filin ya kai har Zazzau, don ba a taɓa kai ɗan garinmu ƙasa a cikinsa ba. Bisa al'ada gero kaɗai ake shukawa a wurin, saboda yana nuna da wuri, a girbe a share kafin baƙi su zo.

Shekarar da mahara suka ƙona mana rumbu, irin geron ya tafi a wutar. Dawa na samu, ita na shuka. Ba ta gama ƙosawa ba sai ga saƙo, 'yan kokawar Bakori na nan tafe.

Abokina, wanda shi ne gwarzon garinmu, ya same ni a gona. "Ka sare ta kawai. In suka tarar babu fili, garinsu za a koma, an gama raina mu ke nan."

Na gaya wa mahaifiyata. Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Je ka sare, sai ka tuƙa mana tuwon kirari."

Hankalina ya tashi ƙwarai. In na sare, yunwa. In na bari, na kunyata gari. Kullum da safe sai na je na ciji ƙwaya, in ji ta da ruwa. Ƙato da ni, har lallashin dawa na yi.

Ranar da na jiyo kalangu ta hanyar Bakori, ina cikin gonar baƙin suka iso. Shugabansu, wani dattijo, ya shiga gonar, ya ciji ƙwaya ya tofar. Ya ce, "Wannan ake so a sare saboda mu? Allah ya kiyaye. Mu ma tuwo muke ci."

Suka zauna baƙunta har ta nuna, suka yi mana gayya, suka tone tushiyoyin kara da hannunsu. Wani dogo marar magana a cikinsu ya yi aikin gefen wata bishiyar ɗorawa, inda ƙasa ke da ɗan gangare. Kafin nan mu kaɗai muka san da gangaren, can 'yan kokawarmu ke tura baƙo su kayar da shi.

Ranar karawa, can dogon ya tura abokina, ya maka shi da ƙasa.

Abokina ya daina yi mini magana har bazara, sanda hatsi ya ƙare a gidansa. Mahaifiyata ta cika ƙwarya da dawar ta miƙa masa, ta ce, "Ga abin da ya kayar da kai, kai wa yara."

Har yau in na bi ta gindin ɗorawar nan ina jin kunyar ranar. Amma ko yanzu aka mayar da ni, ba zan sare ba.